Korar Ranieri Daga Leicester: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Duk ranar da labari ya ɓulla cewa wata ƙungiya a Turai ta raba gari da kocinta, gardama kan kaure a gidajen kallon ƙwallo da teburan masu shayi, kuma da wuya a watse ba a ambaci sunan Claudio Ranieri ba. Mai ganin an zalunci wanda aka kora zai ce ai masu ƙungiyoyin nan ba su san halacci ba, tunda har suka iya sallamar Ranieri wata tara bayan ya ɗauko wa Leicester City kofin Firimiya. Mai goyon bayan korar shi ma da Ranierin zai kafa hujja, ya ce ai ana korarsa ƙungiyar ta farfaɗo, ta ci wasa biyar a jere, ta tsira daga faɗawa rukunin 'yan dagaji, kuma kofin bara ba ya ba da maki a bana. Ni ina cikin masu cewa korar kuskure ce. Ba tausayi kaɗai ya kai ni ga wannan ra'ayi ba, domin tausayi ba ya raba gardamar ƙwallo. Abin da ya kai ni shi ne, wasanni biyar ɗin da ake tinƙaho da su ba su tabbatar da abin da ake cewa sun tabbatar ba, kuma laifin da aka ɗora wa mutum ɗaya laifi ne na mutane da yawa.

Sai an tuna inda aka ɗauko Leicester kafin a gane nauyin maganar. An kafa ƙungiyar a 1884, kuma ta shafe shekara 132 ba ta taɓa zama zakarar Ingila ba. A kakar 2014/15 ta kwashe watanni tana ƙarshen teburi, sai da ta ci bakwai daga cikin wasanninta tara na ƙarshe a hannun Nigel Pearson sannan ta sha da ƙyar. Da aka ɗauko Ranieri a watan Yulin 2015, babu wanda ya yi murna, saboda aikinsa na ƙarshe kafin nan shi ne horar da tawagar Girka, inda aka sallame shi bayan tsibiran Faroe sun doke ta har gida. Kamfanonin caca a Ingila sun ɗauki cin kofin Leicester a matsayin abin da ba zai yiwu ba, har suka yi alkawarin fam 5,000 ga duk wanda ya zuba fam ɗaya. Da waɗannan 'yan wasa da manyan ƙungiyoyi ba su kalla ba, irin su Jamie Vardy da aka saya fam miliyan ɗaya daga Fleetwood Town, da Riyad Mahrez da aka ɗauko daga Le Havre a kan kuɗin da bai kai rabin miliyan ba, da N'Golo Kanté daga Caen, Ranieri ya haɗa maki 81, ya ba Arsenal da ta zo ta biyu tazarar maki goma, kuma sau uku kacal aka ci shi a wasa 38. A watan Agustan 2016 ƙungiyar ta sabunta masa kwantiragi na shekara huɗu, a watan Janairun 2017 kuma FIFA ta karrama shi a matsayin gwarzon koci na duniya. Ranar 23 ga Fabrairu aka kore shi.

Ba zan yi wa masu goyon bayan korar rowar gaskiyarsu ba, domin suna da ita, kuma mai nauyi ce. A ranar da aka sallami Ranieri, Leicester tana ta 17 a teburi da maki 21 daga wasa 25, maki ɗaya ne tsakaninta da ukun ƙarshe. Ta sha kashi sau biyar a jere a gasar, kuma tun da shekarar 2017 ta kama ba ta zura ƙwallo ko ɗaya a Firimiya ba, wasa shida cur. Ba ta ci wasan waje ko ɗaya a gasar ba. Ƙwallo 43 aka zura mata, alhali a kakar da ta ɗauki kofi 36 aka zura mata daga farko har ƙarshe. Millwall, wadda take rukuni na uku, ta fitar da ita daga kofin FA da 'yan wasa goma a fili. Tun 1938, lokacin da abin ya faru da Manchester City, ba a sake ganin zakarar Ingila ta faɗi daga babbar gasa a kakar da take kare kambinta ba, kuma Leicester ta kama hanyar shiga wannan tarihi mara daɗi. Ga kuma batun kuɗi, domin a kakar ce sabuwar yarjejeniyar nuna wasanni a talabijin ta fara aiki, wadda ta haura fam biliyan biyar a cikin Ingila kaɗai, har ta kai ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe ma tana tashi da sama da fam miliyan 90. Duk mai ƙungiyar da ya ga wannan arziki yana shirin kuɓuce masa, dole hankalinsa ya tashi. Shi ma Ranieri ya yi kurakuransa. Ya riƙa sauya tsarin wasa daga mako zuwa mako, yana ajiye Shinji Okazaki a benci alhali gudunsa da naci ne suke buɗa wa Vardy hanya, kuma alamu sun nuna 'yan wasan sun daina gane abin da yake so da su.

Amma ruwa ba ya tsami banza, kuma mai neman abin da ya tsamar da ruwan Leicester sai ya koma watan Yulin 2016. A watan ne aka sayar da Kanté ga Chelsea a kan kusan fam miliyan 32, a watan ne kuma Steve Walsh, mutumin da ya zaƙulo Kanté da Mahrez da Vardy, ya koma Everton. Duk wanda ya kalli Leicester a kakar da ta ci kofi ya san yadda take wasa: ta bar wa abokan hamayya ƙwallo, ta tsuke a baya, ta jira a yi kuskure, sannan ta cilla wa Vardy ya ruga. Wannan salo yana tsayuwa ne a kan mutum ɗaya a tsakiya wanda zai ƙwace ƙwallo kafin ta isa ga masu tsaron baya, musamman da yake Wes Morgan da Robert Huth duk sun haura shekara talatin, ƙarfi da tsalle gare su, ba gudu ba. Kanté ne yake rufa musu asiri. Da ya tafi, sai aka bar dattawan biyu a fili suna tsere da samari. Nampalys Mendy da aka saya daga Nice don ya maye gurbinsa rauni ya kwantar da shi tun farkon kakar. Shi kuwa Kanté, a wannan kakar ya sake ɗaukar kofin Firimiya da Chelsea, kuma 'yan wasa 'yan uwansa suka zaɓe shi gwarzon shekara. Wannan kaɗai ya isa ya nuna girman ramin da ya bari, kuma ba Ranieri ne ya haƙa ramin ba. Sai a watan Janairu aka kawo Wilfred Ndidi daga Genk ta Beljiyam, wanda ya fara cike gurbin, to amma a watan ne kuma Mahrez da Islam Slimani suka tafi Gabon buga wa Aljeriya gasar cin kofin nahiyar Afirka, Daniel Amartey ya tafi buga wa Ghana. Wasanni shidan da ake kirgawa ba a ci ƙwallo ba, da yawansu a cikin wannan tsukin suka faɗo.

Mu a nan muna da dalili na musamman na bin wannan kakar da ido, saboda Ahmed Musa. Ɗan Jos ne da ya yi suna a Kano Pillars, ya wuce Turai, ya ci Ajantina ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, sannan Leicester ta saye shi daga CSKA Moscow a kan kusan fam miliyan 16, kuɗi mafi yawa da ta taɓa kashewa a kan ɗan wasa har zuwa ranar. Mutane da dama da ba su da ruwa da Leicester sun koma kallonta saboda shi, kuma da ya zura wa Barcelona ƙwallo biyu a wasan share fage, an ɗauka ya samu gida. Abin bai tafi yadda aka so ba. Ƙwallo biyu ya ci a Firimiya, sai biyun da ya ci Everton a kofin FA a watan Janairu, waɗanda suka ba Leicester nasara har gidan Everton. Ranieri ya ci gaba da ba shi dama, har ya sa shi cikin sha ɗayan farko a Sifaniya a wasansa na ƙarshe, kuma jaridun Ingila sun ruwaito cewa wannan zaɓi, da aka fifita shi a kan Demarai Gray, bai yi wa wasu manyan 'yan wasan daɗi ba. Bayan korar, da ƙyar ake ganin Musa a fili, har ya koma Moscow a matsayin aro a farkon 2018. Ban kawo wannan don in ce kishin ɗan gida ya isa hujja ba. Na kawo shi ne domin yana nuna wahalar da Ranieri ya shiga: an kashe maƙudan kuɗi an sayo masa sababbin 'yan wasa, Musa da Slimani da sauransu, idan ya sa su tsofaffin su yi gunaguni, idan ya ajiye su a ce ya ɓarnatar da dukiya. Su kuwa tsofaffin, an sabunta wa manyansu kwantiragi da albashi mai tsoka, mai ƙungiyar ya raba musu motocin BMW, kuma kowa ya ga yadda yunwar da ta sa su gudu a bara ta kwanta.

To, ga wasanni biyar ɗin. Kwana huɗu bayan korar, mataimakinsa Craig Shakespeare ya jagoranci ƙungiyar ta doke Liverpool 3-1. Ya dawo da tsohon tsari, ya sa goma daga cikin sha ɗayan da suka ci kofi, Ndidi yana tsaye a gurbin Kanté. Daga nan suka ci Hull City da West Ham da Stoke City da Sunderland, a tsakani kuma suka fitar da Sevilla daga Gasar Zakarun Turai. Na kalli wasan Liverpool, kuma ba zan musa ba cewa wata ƙungiya daban aka gani a daren. Sai dai tambayar da ta dame ni tun a lokacin ita ce, ƙafafun da suka yi wannan gudu ranar Litinin, ina suke makonni biyu da suka wuce, ranar da aka doke su a Swansea? Ba a sayo kowa ba, ba a yi wani dogon atisaye ba, kwana huɗu ba sa isa koci ya koya wa ƙungiya sabon abu. Abin da ya sauya shi ne, 'yan wasan sun wayi gari duniya tana kiransu maciya amana, an daina zagin koci an koma zaginsu, kuma ba su da sauran wanda za su ɓuya a bayansa. An ruwaito cewa wasu manyansu sun gana da masu ƙungiyar kafin korar, su kuma irin su Vardy da Kasper Schmeichel sun fito sun musanta cewa suna da hannu, shi kansa Ranieri daga baya ya ce bai yarda 'yan wasansa ne suka kayar da shi ba. Na karɓi wannan a yadda suka faɗa. Amma ko ba a yi wata ganawa ba, wasan Liverpool ya nuna cewa ƙarfin yana nan, an dai riƙe shi ne. Wanda ya riƙe ƙarfinsa ya ci gaba da karɓar albashinsa, wanda bai buga ƙwallo ko sau ɗaya ba shi aka nuna wa ƙofa.

Akwai kuma wani abu da masu gardama ba su cika lura da shi ba, wanda ya shafi kowace kora, ba ta Ranieri kaɗai ba. Ba a korar koci sai ƙungiya ta kai maƙurar lalacewa, kuma ƙungiyar da ta kai maƙura, in dai tana da 'yan wasan kirki, yawanci sauƙi ne ke biyo baya ko an kori wani ko ba a kora ba. Kamar mai zazzaɓi ne da ciwo ya kai masa gaya, a daren aka ba shi wani jiƙo, da safe ya tashi da dama-dama, sai dangi su yi ta yabon jiƙon, alhali zazzaɓin ne ya gama cin kwanakinsa. Hanyar da za a gane ko maganin ne ya yi aiki ita ce a jira a ga abin da zai biyo baya. Abin da ya biyo baya a Leicester kuwa a rubuce yake. Bayan nasarori biyar ɗin, Shakespeare ya samu maki takwas ne a wasanni takwas da suka rage, ciki har da lallasar 6-1 da Tottenham ta yi musu a gida, suka ƙare kakar a mataki na 12 da maki 44. Aka ba shi kwantiragin shekara uku a watan Yuni. A wasanni takwas na farkon sabuwar kaka ya ci ɗaya tak, ya tara maki shida, ƙungiyar ta koma ta 18, kuma a watan Oktoban 2017 shi ma aka kore shi. Idan aka haɗa lissafin, maki 14 ke nan a wasa 16, wanda kusan daidai yake da maki 21 a wasa 25 da aka kori Ranieri a kansa. Abin da ya ci Doma bai bar Awai ba. Cutar tana nan a jikin ƙungiyar, an samu sauƙin mako shida ne kawai, kuma a kan wannan mako shidan ake gina dukkan hujjar cewa korar ta yi daidai.

Za a ce ai mako shidan ne suka ceci ƙungiyar, kuma maki 15 da aka samu a cikinsu su ne bambanci tsakanin zama da faɗuwa. Gaskiya ne. Sai dai a dubi jadawalin da ya rage wa Ranieri. Daga cikin makinsa 21, guda 18 a gida ya same su, kuma duk nasarorinsa biyar a filin King Power aka yi su, har da 4-2 da suka yi wa Manchester City ta Pep Guardiola a watan Disamba, ranar da Vardy ya ci uku rigis. Wasa 13 suka rage, bakwai daga ciki a gida, kuma cikin masu zuwa baƙunta akwai Hull da Sunderland, waɗanda duk suka faɗi a ƙarshen kakar, da Stoke da Watford da Bournemouth. Wasannin da Shakespeare ya tara maki a cikinsu, yawancinsu irin waɗanda Ranieri yake ci ne tun farkon kakar. An ƙwace masa tuƙi daidai lokacin da aka fito daga gargada za a hau kwalta, sannan aka yaba wa sabon direba cewa mota ta daina girgiza.

Ko a daren da ya gabaci korar akwai alamar numfashi. A gidan Sevilla, ƙungiyar da ta ɗauki kofin Europa sau uku a jere, Leicester ta sha matsa, Schmeichel ya tare bugun fenareti, aka ci su biyu, sannan Vardy ya farke ɗaya, aka tashi 2-1. A dokar wancan lokaci ƙwallon waje tana da daraja ta musamman, ma'ana 1-0 a gida ta ishe su su wuce. Ranieri ne ya kai su wannan matsayi, domin shi ya jagorance su suka zo na ɗaya a rukunin da ya ƙunshi Porto da Copenhagen da Club Brugge, a karon farko da ƙungiyar ta taɓa shiga gasar. Kocin da ake cewa ya rasa ƙungiyarsa gaba ɗaya ba ya fitowa daga Sevilla da irin wannan sakamako.

Abin da ya fi ci mini rai a cikin lamarin duka shi ne sanarwar ranar 7 ga Fabrairu. A ranar, ƙungiyar ta fitar da takarda tana shaida wa duniya cewa tana bayan kocinta ba tare da wata tantama ba. Kwana 16 bayan haka ta kore shi. A tsakanin ranakun biyu wasan Firimiya ɗaya kawai aka buga. Idan masu ƙungiyar sun riga sun yanke shawara, to sanarwar yaudara ce, idan kuma ba su yanke ba, to rashin nasara ɗaya a gasar ta isa ta rushe alkawarinsu. Na san a duniyar ƙwallo an saba da irin wannan, har 'yan kallo sun mayar da sanarwar goyon baya alamar cewa kora ta kusa. Sabo da abu bai mayar da shi daidai ba. Marigayi Vichai Srivaddhanaprabha, attajirin Tailan da ya sayi ƙungiyar a 2010, mutum ne da birnin Leicester ya shaida alherinsa, kuma yadda mutane suka yi makokinsa bayan haɗarin jirgi mai saukar ungulu da ya yi ajalinsa a bakin filin wasan a watan Oktoban 2018 ya nuna irin ƙaunar da ake masa. Wannan ne ma ya sa korar ta fi zafi, domin ta fito ne daga gidan da ake ganin ya bambanta da sauran. A Chelsea an san haka, an kori Roberto Di Matteo wata shida bayan ya ci Gasar Zakarun Turai a 2012, an kori José Mourinho a Disamban 2015 wata bakwai bayan ya ci Firimiya, kuma Leicester ta Ranieri ce ta yi masa dukan ƙarshe. Mourinhon nan, wanda ya gaji kujerar Ranieri a Chelsea a 2004 kuma suka daɗe ba sa ga maciji, shi ne ya fito gaban 'yan jarida da harufan sunan Ranieri a ƙirjin rigarsa don nuna alhini. Chelsea ƙungiya ce da aka gina a kan cin kofi kowace shekara, wanda ya karɓi aikinta ya san sharaɗin. Leicester kuwa kofi ɗaya gare ta a wannan mataki, kuma mutumin da ya kawo shi ne ta sallama.

Masu cewa ƙwallo kasuwanci ce suna faɗin rabin magana. Kasuwanci ce, amma hajar da ake sayarwa a cikinta ita ce ƙaunar da mutane suke yi wa ƙungiya, kuma wannan ƙauna ba a teburin maki kaɗai take tsirowa ba. Matashin da yake biyan kuɗin shiga gidan kallo a Zariya ko Damagaram don ya ga Leicester a 2016 ba hannun jari gare shi a cikinta ba, labari ne ya ja shi, labarin talakan da ya kayar da masu kuɗi. Halacci yana cikin dukiyar ƙungiya kamar yadda fili da 'yan wasa suke ciki, domin shi ne yake gaya wa koci na gaba da ɗan wasa na gaba irin gidan da za su shiga. Mu ma mun ɗanɗana irin wannan a gida. Marigayi Stephen Keshi ya ciyo wa Najeriya kofin Afirka a 2013 bayan shekara 19 ana jira, ya kai ta zagaye na biyu a gasar cin kofin duniya, amma kafin shekara biyu da rabi an cire shi, an mayar da shi, an sake cire shi, kuma tafiyarsa ba ta hana ƙasar rasa gurbi a gasar Afirka ta 2017 ba. A can ma an fi saurin ganin laifin wanda yake tsaye a bakin fili fiye da na waɗanda suke zaune a ofis.

Ba ina cewa kada a taɓa korar koci ba ne, ko kuma wanda ya ci kofi ya zama sarkin da ba a tuɓewa. Leicester ɗin ce dai ta zauna da Brendan Rodgers, wanda ya ciyo mata kofin FA a 2021, har zuwa watan Afrilun 2023 tana nutsewa, ta rabu da shi saura wasa goma, kuma ta faɗi duk da haka. Wasu suna kafa hujja da wannan su ce jinkiri ne ya kashe ta, don haka gaggawar 2017 ita ce daidai. Ni abin da na gani a ciki shi ne, a 2023 ma an sauya koci kuma sauyin bai ceci kowa ba, saboda matsalar ta wuce benci, ta kai ga cinikin 'yan wasa da halin da asusun ƙungiyar yake ciki. An sake gwadawa a kakar 2024/25, aka kori Steve Cooper a watan Nuwamba aka kawo Ruud van Nistelrooy, aka sake faɗuwa. A waɗannan lokuta uku, na Ranieri da Rodgers da Cooper, ƙungiya ɗaya ta sha magani iri ɗaya a kan ciwo iri ɗaya, sau ɗaya aka ga sauƙi, amma wannan sau ɗayan ne kaɗai ake tunawa a wajen gardama.

Abin da ya kamata masu Leicester su yi a Fabrairun 2017 ba wani abu ne mai wuya ba. Su tara 'yan wasan su gaya musu cewa maganar da aka fitar ranar 7 ga wata tana nan daram, kocin ba ya zuwa ko'ina, wanda ba zai yi gudu ba ya koma benci. Su zauna da Ranieri su faɗa masa gaskiya a kan yawan sauye-sauyensa, domin gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Sannan su ba shi wasanni uku da suke gabansa, Liverpool da Hull da Sevilla, duk a gida, cikin ƙasa da mako uku. Da ya faɗi a cikinsu, akwai sauran wasa 11 na Firimiya da wani zai karɓa ya gyara, kuma da ba mai cewa ba a yi masa adalci ba. Ba a ba shi ko ɗaya daga ciki ba. Washegarin korar ya fitar da 'yar gajeriyar sanarwa yana cewa burinsa ya mutu, domin abin da ya so shi ne ya ci gaba da zama a Leicester. Ranar 14 ga Maris Sevilla ta zo King Power, Morgan da Marc Albrighton suka ci, Schmeichel ya sake tare fenareti, aka tashi 2-0, Leicester ta shiga cikin ƙungiyoyi takwas da suka rage a Turai da jimillar 3-2. Ɗaya daga cikin ukun nan ita ce wadda Vardy ya ci a Sifaniya a daren ƙarshe na Ranieri, amma shi Ranieri ba ya kan benci a ranar, ya zama kamar kowane ɗan kallo.